Shekarar da Na Fara Buga Ƙusa

Da sunan Allah nake farawa, shi da ya ara mini kwanakin da zan faɗi wannan magana. 'Ya'yana, na san abin da kuke ji in kun je Zurmi biki ko gaisuwa. Wasu su ce muku korar ubanku aka yi daga gida, wasu su ce ni na raina sana'ar kakanni na bi kafintoci. Kunya ta hana ku tambayata, ni kuma ban taɓa zaunar da ku ba. Yanzu ido ya fara gajiya, hannu na rawa in na daɗe riƙe da gizago, gara ku ji daga bakina. Ba a kore ni ba, ban kuma raina kowa ba. Duk abin a cikin shekara guda ya faru, kuma da za a maido ni wannan shekara, abin da na yi shi zan sake yi.

Gidanmu gidan sassaƙa ne tun kaka da kakanni. Kakanku, wanda muke kira Baba, shi ne Sarkin Sassaƙa na garinmu. In an fito sallar asuba rana ta ɗan ɗaga, ƙarar gizago ce ke tashin unguwa, mata su fito da kwanduna suna kwasar ɓawon icce don girki. Muna yin turmi da taɓarya, akushi, muciya, ƙotar fartanya, allon karatu, da 'yar kujerar da mata ke zama a kai in suna tuƙi. Kowane abu da iccensa: turmi ƙirya yake so, allo aduwa. Doka ɗaya ce a gidan, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: abu ɗaya daga icce ɗaya yake fitowa. Ba a haɗi, ba a liƙi, ba a buga ƙusa. Baba kan ce masassaƙi ba ya ƙara wa icce komai, rage masa yake yi har abin da ke ciki ya fito. Yayana Ɗahiru, baffanku, shi ya fi kowa riƙe wannan doka, kuma ku sani, a fafe turmi ban taɓa ganin hannun da ya kai nasa ba, har da na Baba. Ni kuwa tun ina ƙarami idona a kan aikin wasu yake. In an aike ni, sai a same ni tsugune a maƙera ina kallon ƙarfe na lanƙwasa, ko gaban dukawa ina kallon yadda suke yanka fata siriri kamar zare. Na sha faɗa a kan haka. Na kuma sha faɗa a kan zanen da nake yi wa ƙafafun kujera, wanda ba wanda ya sa ni.

Ina da iyali, furfura ma ta fara fito mini, sa'ad da daji ya rufe. A da da jakuna muke shiga, mu zaɓi icce, mu sare, mu yi kwanaki muna fere shi kafin mu jawo gida. Sai mutanen nan masu bindiga suka zauna a ciki. Da farko shanu suke kora, daga baya suka koma kan mutane. Da aka kama wasu masu saran icce na unguwar da ke maƙwabtaka da mu, sai da danginsu suka rabu da gonaki kafin su dawo, ba wanda ya ƙara saɓa gatari ya nufi can. Gumagumai da muka tara a bayan gida suka yi ta raguwa, bakunan da ke ci a gidan kuwa ba su ragu ba. Yaya ya ce a yi haƙuri, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, daji zai buɗe. A cikin wannan jira ne Baba ya faɗi yana alwalar la'asar. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, hannun da yake riƙe gizago da shi, bakinsa kuma ya karkace.

Asibitin Kaura Namoda muka kai shi, ni na zauna jinya. In ya samu barci da rana nakan fita in miƙe ƙafa, a haka na faɗa wani fili bayan tasha inda ake farfasa tsofaffin motocin katako. Can na haɗu da Lawali mai walda, wanda kuka sani, a lokacin bai yi ƙiba ba. Na ga an jibge katakon jikin wata babbar mota ana sayar wa masu tuya su hura wuta. Baƙi ƙirin ne, ya sha rana, ya sha ruwa, ya sha mai. Na ciro wuƙata na kankare gefen ɗaya, sai ga ja a ciki kamar tsokar maɗaci, ya bushe bushewar da iccenmu ba ya samu sai ya shekara da shekaru a inuwa. Na tsaya ina shafa shi har Lawali ya tambaye ni ko na yi ɓatan wani abu ne. Na ce masa a'a, tsintuwa na yi.

Da muka koma gida, ciwon Baba ya tsaya, amma zuciyarsa ta karye. Mutumin da bai taɓa yarda a riƙe masa buta ba, yanzu sai mutum biyu sun cicciɓe shi kafin ya ga hasken tsakar gida. Ya rage cin abinci don kada a yawaita ɗaukarsa. Ran Juma'a in ya ji ladan, sai ya juya fuska bango, mu yi kamar ba mu gani ba. Wani ɗan'uwa ya aro masa keken guragu irin na asibiti, amma ƙafafunsa sirara ne, da an fita ƙofar gida sai su nutse a yashin Zurmi, ga robar mazaunin tana ƙona masa baya saboda zafi. Sau ɗaya ya hau, ya nuna a fitar da shi. Ni kuwa katakon nan na Kaura bai bar raina ba.

Na koma na sayo shi. Na zana wa Lawali abin da nake so a ƙasa da tsinke, ya haɗa mini ƙarfen gindi, muka sa masa ƙafafun tsohon babur masu faɗi, waɗanda yashi ba ya riƙewa. Ranar kasuwa na shiga Shinkafi na sayi ƙirgi, wato fatar sa, na zauna gaban wani tsohon baduku ya tsaga mini shi igiya-igiya, ya nuna mini yadda ake jiƙa shi a saƙa, in ya bushe ya ɗaure kansa. Da shi na yi mazauni da majingina, don iska ta riƙa ratsawa. Kada ku ɗauka abin ya zo mini da sauƙi. Ƙusar farko da na buga lanƙwashewa ta yi, ta biyu ta tsaga katakon, ta uku babban yatsana ta samu. Haɗin farko da na yi, innarku Habi ta zauna a kai don gwaji, ya watse da ita, ta tashi tana dariya tana kaɗe zane. Sai da na koma Kaura na wuni tsaye a rumfar wani kafinta ina kallon yadda yake fere bakin katako ya shige ramin ɗan'uwansa, sannan na gane ƙusa taimako ce kawai, haɗin a yankan yake. Madafan hannu kuwa sassaƙa su na yi daga guntun ƙiryar da ta rage mini. Na hagu na fafe shi daidai tafin Baba, na dama na yi masa kwari kamar ƙaramin kwalekwale, don hannun da ya mutu ya kwanta a ciki kada ya riƙa zamewa. A bakinsu na dasa farin ƙahon sa, na goge har yana ƙyalli.

A ɓangarenmu nake aikin, amma guduma ba ta da sirri. Wata hantsi sai ga Yaya tsaye a kaina.

"Sama'ila, mi nike ji haka? Guduma cikin gidanga?"

"Yaya, kujera nike haɗa ma Baba."

Ya dubi katakon, ya dubi ƙafafun babur, ya ce, "Katakon da anka yi dakon shanu da taki bisa, shi za ka ɗora Sarkin Sassaƙa a kai ka zagaya gari da shi?"

Ya yi magana mai tsawo, kuma ina so ku san ba maganar banza ba ce. Ya ce turmin da kakanmu ya sassaƙa har yau ana daka a cikinsa, abin da aka haɗa kuwa ranar rabuwarsa kawai yake jira. Ya ce Allah ya raba wa kowane gida abincinsa, maƙera da ƙarfe, dukawa da fata, mu da icce, wanda ya sa hannu a kwanon kowa zai wayi gari ba shi da nasa. Ya ce in mutane suka ga ɗan gidan Sarkin Sassaƙa na tsince-tsince a bola, za su ce gidan ya mutu. Na saurare shi har ya gama, don yayana ne. Na ce na ji, amma zan ƙarasa, in Baba ya ƙi ta, ni da hannuna zan faskara ta a dafa tuwo.

Ranar da na gama, na tura kujerar har ƙofar ɗakin Baba. Muka ɗaga shi muka zaunar. Bai dubi kowa ba. Da hannun hagu ya fara bin ta, yadda yake bin turmi in yana neman tsaga. Ya shafa ƙiryar, ya danna saƙar fata, ya kai yatsa ƙarƙashi ya lalubo inda katako ya shiga katako, ya daɗe a wurin. Sannan ya dubi hannunsa na dama kwance a kwarinsa, bai zame ba. Maganarsa a lokacin sai an kasa kunne.

"Wa ya koya ma?"

"Ba kowa, Baba. Kallo na yi."

Sai ya ce, "Gobe wace rana ta?"

Na ce Juma'a. Ya ce a wanke masa babbar riga.

Wannan Juma'a ba zan manta da ita ba. Na turo shi daga ƙofar gida har masallaci, ƙafafun nan suna taka yashi kamar a kan daɓe. Tsofaffin da suka ɗauka ba za su ƙara ganinsa a sahu ba suka riƙa tasowa suna riƙe masa hannu. Shi kuwa ya miƙe wuya, rawaninsa a naɗe, yana amsa gaisuwa da kai. Bayan an sallame mutane suka kewaye mu, rabi Baba suke gaisarwa, rabi kujerar suke leƙe. Yaya yana can nesa, ya yi sallarsa ya wuce gida ta wata hanya. Daga ranar Baba ya koma cin abinci. Da safe a tura shi zaure ya zauna yana kallon masu aiki, in wani ya karkata sara sai ya buga madafin kujera da zobensa.

Kafin wata ya zagayo mutane sun fara sallama da ni. Wani malami mai karantar da manya, wanda baya ya dame shi, ya ce in yi masa mazauni gajere mai majingina da wurin aza littafi. Wata mata ta taso tun daga Sakajiki da ɗiyarta da shan inna ya taɓa, tana so a yi mata irin ta Baba ƙarama don ta je makaranta. Ban iya cewa a'a ba. Ƙarar guduma ta yawaita, ta gizago kuwa tana raguwa, don icce ya ƙare. Nan ne Yaya ya tara manyan gida a zaure, a gaban Baba. Tun da Baba ya kwanta shi ke riƙe da gida, yana da ikon yin haka. Ya ce bai hana ni neman abinci ba, amma a ƙarƙashin wannan zaure da sunan wannan gida ba za a yi haɗi ba. In zan zauna, in ajiye guduma mu jira daji tare. In ba zan iya ba, ƙasar Allah da faɗi. Kowa ya juya ga Baba. Ya dubi Yaya, ya dube ni. Sannan ya ɗaga hannun hagu.

"Gida na Ɗahiru na," ya ce. Ya juyo gare ni. "Hannu naka na."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai kore ni ba, bai kuma tsayar da ni ba. Na shiga ciki na gaya wa innarku. Ita ce za ta fi asara, don a Zurmi aka haife ta, ga mahaifiyarta, ga 'yar gonarta ta gyaɗa da kuɓewa, ga ƙawayen da suka tashi tare. Tana tankaɗe ta saurare ni, ba ta tsaya ba sai da ta gama.

"Malam, tunda aka kawo ni gidanga ban taɓa jin kana waƙa wurin aiki ba sai bana. In ka aje guduma, da wani mutum za ni zama, ba kai ba. Mu tahi."

Bayan an kai amfanin gona gida muka tashi. Na durƙusa gaban Baba na yi masa sallama, ya ɗora hannu a kaina ya daɗe yana addu'ar da ban ji kalmominta ba. Muka kama ɗaki ciki da rumfa a Kaura, kusa da wurin Lawali. Duk Juma'ar da hanya ta yi kyau nakan je Zurmi in tura Baba masallaci, in dawo da yamma. Ga kuma abin da wannan shawara ta ci mini, ban taɓa faɗa muku ba. Gab da faɗuwar damina ciwon ya sake buge Baba da safe. Aka kira ni a waya, na fito tasha a guje, sai aka ce an tare hanya, ba motar da za ta tashi. Na wuni a tashar ina zagaye kamar wanda aka ɗaure. Da hanya ta buɗe na isa, har an dawo daga maƙabarta. Ban wanke ubana ba, ban sallace shi ba, ban sa shi a makwancinsa ba. Da ina gida da ni za a yi komai. Wannan ciwo yana nan har yau, kuma na san da zaɓina na saye shi. Yaya ya karɓi gaisuwata kamar yadda ya karɓi ta baƙi. Aka naɗa shi sarautar Baba, ya kuwa cancanta.

Shekarun da suka biyo baya ku kun ga wasunsu. Ba abin da ban gwada ba. Na yi gado da tsofaffin ƙyamaren gidajen da ake rushewa. Na yi kujerun gora, na saƙa mazauninsu da kaba. Na narka tsohuwar tagulla wurin maƙera na dasa ta a fuskar teburi kamar taurari. Na gwada ƙwarya a majingina, ta yi kyau wata guda sannan ta tsage. Na gwada karan dawa, gara ta cinye shi a ɗakin mai shi, ya zo ya yi mini tas, na sake masa wani. Amma duk abin da ya fita daga rumfata, akwai wuri ɗaya aƙalla da gizago ya taɓa, ko madafi, ko ƙafa, ko kan majingina, don da an gani a san ɗan masassaƙa ne ya yi. Da wannan aiki na ciyar da ku, na sa ku makaranta, na gina gidan da kuke ciki. Yarinyar nan ta Sakajiki ta yi karatunta, yanzu ita ke koyar da yara a garinsu, kujera ta uku ke nan ina yi mata tun da ta girma. Ban san abin da wani zai nuna ranar da aka tambaye shi amfanin hannunsa ba, ni dai ina da abin nunawa.

Tsakanina da Yaya kuwa gaisuwar salla ce kawai da ta mutuwa, shekara da shekaru. Dajin da yake jira bai buɗe ba. Ya koma sassaƙa ƙananan abubuwa da rassan da ake samu a bakin gari, 'ya'yansa suka watse neman wasu sana'o'i. Sai wata shekara matarsa ta kwanta a asibitin Kaura, ya zo jinya, innarku ta ce ba inda zai sauka sai gidanmu. Kwanakin farko daga asibiti sai ɗaki. Wata rana da hantsi na ɗaga kai, sai na gan shi a bakin rumfa. Na ba shi benci ya zauna. Ina feren ƙafar wata kujera, yana kallo, yana ta motsi kamar mai jin ƙaiƙayi. Can ya kasa daurewa.

"Ba haka a ka bin icce ba. Kana sara yana gardama. Miƙo nan."

Na miƙa masa gizago. Ya juya iccen, ya fara daga ɗaya bakin, ɓawo ya riƙa fita kamar ana feren rogo. Ni da furfurata na tsuguna ina kallonsa kamar yadda nake yi muna yara. Washegari ya dawo, jibi ma haka. Bai taɓa guduma ba, ban kuma ce ya taɓa ba. Shi ya sassaƙa, ni in haɗa. Kujerun da muka yi a wannan zama, ban taɓa yin kamarsu ba kafin nan ko bayan nan.

Ana cikin haka wani attajirin shanu daga Shinkafi ya tsaya da motarsa. Ni ina can ciki ina jiƙa fata, Yaya ne a waje. Mutumin ya zagaya wata babbar kujera mai madafan ƙirya da dashen ƙaho, ya zauna, ya tashi, ya sake zama. Ya ce ya je garuruwa da yawa bai ga irin wannan aiki ba, daga ina aka koyo shi? Na tsaya da fata a hannu ina jiran abin da Yaya zai ce. Ya gyara zama, bai ko waiwayo ba.

"Ƙanena ya yi ta. Mu mutanen Zurmi na, gidan Sarkin Sassaƙa. Aikin gidanmu na."

Ban fito ba sai da mutumin ya tafi, don ban so a ga fuskata. Ni da Yaya ba mu taɓa tayar da maganar ba har Allah ya karɓi ransa, kuma a wannan karo ina kusa, ni na wanke shi.

To, kun ji yadda aka yi. In kun je Zurmi, ku fara sauka gidan baffanku, ku gaida 'ya'yansa da ladabi, kada in ji wani cikinku ya faɗi mummunar kalma a kansa. Shi ya tsare abin da aka ba shi amana, ni na bi abin da aka ba ni, dukanmu ɗiyan mutum ɗaya ne. Allah ya jiƙansu, ya sa mu iske su da alheri.